Baƙo da takarda: abin da tarihin iyakarmu ya koya mana

A zamanin kakanninmu babu iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Sakkwato. Fatake suna wucewa da jakunansu. Maƙera da masaƙa da magina suna zuwa aiki inda aka kira su. Baƙo yakan nemi mai masauki, shi kuma mai masauki ya kai shi gaban mai gari. Idan baƙon ya yi laifi, mai masaukinsa ake tambaya. Wannan ita ce takardar wancan lokaci.

Da Turawa suka zo sai suka raba ƙasa. A yarjejeniyar 1898, Ƙonni tana cikin rabon Ingila. Faransa ta nemi hanya mai rijiyoyi daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake shiri a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Ga shi yau muna da Illela biyu: tamu ta jihar Tawa, da ta Najeriya wadda ke dab da Ƙonni. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma hukuma biyu.

Bayan samun mulkin kai a 1960, kowace ƙasa ta yi dokarta ta baƙi. Duk da haka mutane ba su daina tafiya bida ba. Bayan fari na 1973 da 1974, samarin Adar da yawa suka nufi Sakkwato da Kano da Legas, inda kuɗin man fetur suka kawo aiki. Masu kamfani suna ɗaukar su ba tare da tambayar takarda ba.

A 1975 aka kafa ƙungiyar CEDEAO. A 1979 ƙasashenta suka yarda ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ba da biza ba, ya yi kwana 90. Amma a nan mutane da yawa suka ruɗe. Izinin shiga daban, izinin zama da aiki daban.

Da kuɗin fetur suka faɗi, sai magana ta canza. Ran 17 ga Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Najeriya. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita. Ƴan Gana sun fi yawa, amma akwai ƴan Nijar dubbai. Wasu sun baro kayansu, wasu sun baro albashin da suke bi. Wanda ba shi da rubutacciyar yarjejeniya, ina zai kai ƙara? Masu kamfani su ma sun ji jiki, don sun wayi gari babu ma'aikata. A 1985 aka sake yin wata korar.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna karɓar baƙi. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki tun 1966, kuma irin wannan babban aiki yakan buƙaci gwanaye daga waje. A Ƙonni ma akwai makanikai da magina da masu gasa burodi da suka ƙetaro iyaka.

To me dokarmu ta ce? Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ce yarjejeniyar aikin baƙo sai an rubuta ta. Sannan a kai ta hukumar samar da aiki, wato ANPE, ta sa mata hatimi. Neman hatimin nan nauyin mai ba da aiki ne, ba na baƙo ba. Ka ga ashe mai kamfani shi ne mai masaukin yau.

Kuma doka tana sauyawa. A watan Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, kuma a cikin watan nan gwamnati ta fito da sabuwar doka kan shigowar baƙi da zamansu. Saboda haka abin da ka sani jiya ba lalle ya isa yau ba.

Kai mai gareji, kai ɗan kwangila, kafin ka ɗauki baƙo aiki ka duba takardarsa ta shaida da ta zama. Ka je ofishin sufetan aiki ka tambaya. Ku rubuta albashi da kwanakin aiki, kowa ya riƙe tasa takardar. Kai kuma ɗan bida, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Yanzu da ka iya karatu, karanta da kanka, ka kuma karanta wa ɗan'uwanka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.