Tasawa Bayan Wucewar Ayari

A shekarar 2021 labarin zinariya ya tara dubban mutane a karkarar Ɗan Isa, kudu da Maraɗi, har daji ya koma kasuwa cikin ƴan watanni. A watan Nuwamba na wannan shekara rijiyoyi suka rufta da mahaƙa, aƙalla mutum 18 suka rasu, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin. Irin wannan zango ramu kaɗai yake barin ma na baya. To, jahar Maraɗi tana da wani gari wanda shi ma arziki ya tayar da shi sa'an nan ya yi masa ƙaura, sai dai nasa arzikin bisa raƙuma ya zo, kuma ya daɗe ƙwarai. Wannan gari shi ne Tasawa.

Cikin watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da abokin tafiyarsa Overweg, suna biye da ayarin gishiri na Abzinawa. Shi ne babban garin Hausa na farko da ya gani. Ya rubuta bayanin marina, da kasuwa inda har soyayyar fara ake saidawa. Hanyar kuwa sananniya ce: gishirin Bilma ya biyo ta Abzin, ya ratso Damargu, ya yada zango Tasawa, daga nan Gazawa, Katsina, har Kano, in za a koma a yi lodin hatsi da tufafi. A lokacin garin yana ɓangaren Katsinawan da suka ƙi bin masu jihadi bayan faɗuwar Birnin Katsina wajen 1807, waɗanda suka kafa mulkinsu a Maraɗi. Can ƙarshen ƙarnin, da rikici ya fid da Sarki Mijinyawa daga Maraɗi, Tasawa ya zo ya zauna.

Shekarar 1899 ita ce ta ƙone-ƙone. Rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta yi ɓarna Birnin Ƙwanni, ta shigo ƙasar tana ƙona garuruwa tana kashe bayin Allah. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine, sa'an nan Voulet. Kaburburansu suna Mai Jirgi, gabas da Tasawa bisa hanyar Damagaram, kuma su ne baƙo yakan fara tambaya. Abin takaici ne a ce waɗanda suka yi kisan su ke da wurin ziyara, waɗanda aka kashe kuwa sai a bakin jikoki ake jin sunayensu.

Ba yaƙi ya rage Tasawa ba, hanya ce ta sake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin fatauci, ciniki ya juya kudu. A 1927 Faransawa suka ɗauke mazaunin kwamanda daga Tasawa suka mai da shi Maraɗi.

Mai neman kayan tarihi na gini ba zai samu da yawa ba, don ƙasa da kara ba su jimre damina ɗari. A ganinmu abin da ya rage yana cikin sunaye, kuma nan ne aikin masu binciken harshe da masu tsara yaƙi da jahilci yake. Barth ya rubuta sunan garin daidai da yadda ake faɗinsa, amma taswirar bariki ta mai da shi Tessaoua, Gazawa ta zama Gazaoua. Kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi ana rubuta shi Goulbi N'Kaba, alhali Gulbin Kaba ne: an raba harafin mallaka da kalmarsa, har ɗan lakwal ba ya gane kabar da uwarsa ke saƙa tabarma da ita. Tun taron Bamako na 1966 aka daidaita baƙaƙen Hausa, amma allunan bakin hanya ba su ji labari ba.

Mu ɗauki Maïjirgui, wato Mai Jirgi. Yaron yau in ya ji jirgi, sama zai duba. Amma jirgi har wa yau sunan kwamin itace ne da ake shayar da bisashe a bakin rijiya, kuma a ƙasar da babu kogi, bisa hanyar ayari, wannan ma'ana muke kyautata wa zato. Ya kamata a ɗauki muryar dattawan garin a kan wannan suna, da na Dankori, a rubuta da karin sauti da tsawon wasali, kafin a sa su cikin littafin karatun manya.