Kwamfutar tebur mai sauƙin kuɗi: abin da mai saye zai duba kafin ya biya

A Yauri da sauran garuruwan yankin Matamai, aikin takarda ya koma kan kwamfuta: takardar neman aiki, jerin sunayen ƴan makaranta, rahoton ƙungiyar manoma, lissafin shagon magani. Shi ya sa matasa da dama ke tara kuɗin rake ko na lambu don su buɗe ƴar sakatariyar buga takardu. Irin wannan kuɗi ba ya dawowa da sauƙi idan aka yi sayen tumun dare. Wannan bayani ya shafi kwamfutar tebur, wadda wasu ke kira ordinatar biro. Ta fi ta hannu araha idan ƙarfinsu ɗaya, ta fi jure zafi, kuma ana sauya mata kayan ciki ɗaya bayan ɗaya.

Fara da aikin da za ta yi

Mai buga takardu da Word da Excel, ko malamin da ke shirya darasi, ba ya bukatar na'ura mai tsada. Mai gyaran hotuna da katin biki yana bukatar ƙarin ƙwaƙwalwa. Mai haɗa bidiyon biki shi ne kaɗai zai nemi katin hoto na musamman, irin na Nvidia, wanda ke ƙara tsada da shan wuta. Ka rubuta aikinka a takarda kafin ka shiga kasuwa, don kada mai shago ya zaɓa maka abin da ya daɗe yana neman rabuwa da shi.

Sabuwa ko ta hannu?

Yawancin masu araha tsoffin na'urorin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka sauya: Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don aikin yini guda, kuma kayan gyaransu ba su wuyar samu. Ana samunsu a shagunan Damagaram da Maraɗi da Yamai, haka ma a Kano, musamman titin Beirut. Wanda zai bi hanyar Ɗan Barto da Daura zuwa Kano, ya haɗa lissafin mota da canjin naira da kuɗin duwan, ya kuma tuna cewa idan na'ura ta ba da matsala, mayar da ita wata tafiya ce. Sau da yawa bambancin farashin yakan ƙare a hanya.

Purosesa: ka karanta lambar

Purosesa ita ce ke tafiyar da lissafin na'ura. A nan ne aka fi ruɗar masu saye, domin sunan i3 ko i5 ko i7 kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Lambar da ke biye ita ce ke faɗar zamanin da aka ƙera ta. A i5-8500, lamba 8 na nufin zamani na takwas, na shekarar 2018. A i5-10500, zamani na goma ne. Ita kuwa i7-2600 ta zamani na biyu ce, ta 2011, kuma i5-8500 ta fi ta sauri da nisa duk da sunan i7.

Wannan lamba ta ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 tana neman purosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da ƙwayar tsaro TPM 2.0. Na'urar da ba ta kai nan ba za ta ci gaba da aiki, amma ƙofarta a buɗe take ga cututtukan intanet. Wanda kuɗinsa bai kai ba, yana iya sa wa tsohuwar na'ura Linux Mint da LibreOffice, duka kyauta ne kuma suna da Faransanci.

RAM da ma'ajiya

RAM ita ce faɗin teburin da na'ura ke shimfiɗa aikinta a kai. Jiga 4 ya yi kaɗan a yau. Jiga 8 ya isa aikin ofis, jiga 16 kuma ga mai hoto da bidiyo. Ka tambayi nau'inta, don DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, kuma ka duba ko akwai gurbin da ya rage don ƙari nan gaba.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, yana da wuri da yawa amma yana da nawa, kuma yankewar wuta na iya lalata shi. SSD ba ta da abin da ke motsi, tana tayar da Windows cikin daƙiƙoƙi. SSD mai jiga 256 ta fi HDD mai jiga 1000 amfani ga aikin yau da kullum. Idan kuɗinka na gyara ɗaya ne kawai, to ka sa shi a nan.

Allo da madannai

Allo mai inci 19 zuwa 22 irin na LED ya wadatar. Ka duba mahaɗarsa: na'urorin ofis da yawa suna da DisplayPort da VGA, ba su da HDMI. Madannai kuma, waɗanda ake kawowa daga Najeriya na QWERTY ne, na Ingilishi, alhali takardun hukuma a nan da Faransanci ake yinsu. Ka nemi kilabiye na AZERTY mai é da è da ç. Don rubuta Hausa da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Windows na da tsarin madannan Hausa, akwai kuma manhajar Keyman kyauta. Mafi yawan kwamfutocin tebur ba su da Wi-Fi. Ƙaramin makulli na USB, ko haɗa wayar salula da igiya, ya isa kama intanet.

Wuta, zafi da ƙura

Abin da ke kashe kwamfuta a wannan yanki ya fi zuwa daga waje. Wani ɓangare na wutar da Nigelec ke rabawa a jihohin Damagaram da Maraɗi yana zuwa ne daga Najeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga yadda aka sha duhu da aka yanke shi a watan Agustan 2023. Kwamfutar tebur ba ta da batir: da wuta ta ɗauke, aikin da ba a ajiye ba ya tafi. Don haka ondilar tana cikin farashin kwamfuta. Mai VA 650 za ta ba ka ƴan mintoci ka ajiye aiki ka kashe na'ura. Kada a jona mata na'urar buga takarda ta leza, domin ta fi ƙarfinta. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ana aiki da janareta, a ƙara da na'urar daidaita wuta.

Wasu tsoffin na'urori daga Amurka suna da ɗan maɓalli ja a baya mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce. Idan maɓallin na kan 115 aka jona, nan take akwatin wutar zai ƙone.

Ga mai aiki da hasken rana, ƙananan na'urori irin OptiPlex Micro, EliteDesk Mini da ThinkCentre Tiny sun fi dacewa. Da allonta duka, irin wannan na shan kamar wat 60, wato kusan rabin kilowat a aikin awa takwas. Tsohuwar doguwar na'ura na iya cin ninki biyu ko fiye.

Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 kuma ya ƙarasa sauran. A ɗora na'ura kan tebur, kada a ajiye ta ƙasa, a rufe ta da zane bayan an kashe, a hure ƙurar cikinta duk bayan wata biyu ko uku.

Gwaji a gaban mai shago

Kada ka dogara da takardar da aka manna a jikin akwati. A kunna na'urar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance: zai nuna maka ainihin purosesa, yawan RAM da nau'in ma'ajiya. Manhajar CrystalDiskInfo tana faɗar lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki. Ka gwada kowace kafar USB, ka saurari ƙarar fanka, ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, ka bar ta a kunne aƙalla minti 20. Idan agogonta na komawa baya, ƙaramin batir CR2032 ne ya mutu, kuma sauya shi ba tsada.

A ƙarshe, ka karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce. Ga mai buɗe sakatariya ko ƙaramin ofis, i5 ta zamani na takwas, RAM jiga 8, SSD jiga 256, kilabiye na AZERTY da ondilar sun isa aikin shekaru. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.