Labarin Horon Malamai, Da Wanda Ya Ɗauki Nauyinsa

'Yan'uwa masu bi na Korbongu, da Dapango, da Sokode, muna ƙirga alheran da Ubangiji ya yi mana, makarantu kuwa suna cikinsu. Amma ɗakin makaranta a rani ɗaya a kan gina shi, malamin da zai tsaya a ciki sai an yi shekaru ana horonsa. Saurayi mai koyon aikin malanta ba ya zuwa gona, ba ya zuwa kasuwa, duk da haka tilas ya ci tuwo. To, wa zai ciyad da shi sa'ad da ya ke koyo? Ga yadda mutanen da suka riga mu suka amsa wannan tambaya.

A ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1846, yara sun yi wa malamai yawa ƙwarai. Sai Gwamnati ta yi wata dabara. A kan zaɓi yaro mai ƙoƙari ɗan shekara 13, a ba da shi ga babban malami har shekara 5. Da rana yana koya wa ƙanana a gaban maigidansa, in an tashi kuma maigidan ya koya masa. Gwamnati tana biyan yaron fam 10 a shekarar fari, ana ƙarawa har ya kai fam 20, shi babban malamin ma ana ba shi ladan wahalarsa. Ta haka ɗan talaka ya sami hanyar zama malami, ubansa bai sayad da kome ba. Turawan Mishan da suka zo Afirka ta Yamma sun san wannan hanya tun daga gida, suka kuwa bi ta a makarantunsu.

Mu masu karanta Hausa, daga Nijeriya ta Arewa littattafanmu suka fito, har da Littafi Mai Tsarki da aka gama bugawa a 1932. Saboda haka labarinsu namu ne. Likita Mila na C.M.S. ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya tara yara kaɗan yana koya musu, daga baya aikin ya koma Wusasa. A Kano, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Gwamnati a Nasarawa cikin 1909, ya sa ajin malamai a cikinta, gama ya gane in babu su aikin ba zai yaɗu ba. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina domin horon malamai, amma ta 'ya'yan Musulmi ce. Masu bi sai suka dogara ga baikon ikilisiya da abin da 'yan'uwa na ƙasashen waje su ke aikowa. Da irin wannan kuɗi S.U.M. ta kafa wurin horo a Gindiri cikin 1934. An yi aiki da aminci, amma malaman ba su isa ba, gama baiko ba shi da yawa.

A 1948 aka yi sabuwar dokar ilmi, bisa ga binciken wani Bature mai suna Filifsan. Gwamnati ta shirya yadda za ta riƙa taimakon makarantun Mishan da suka cika sharaɗi, da wuraren horon malamansu. Waɗansu dattawan ikilisiya suka ji tsoro, suka ce mai ba da kuɗi shi zai yi mulki. Tsoron nan yana da dalili, gama daga baya, cikin shekarun 1970, jihohi da yawa suka karɓe makarantun Mishan. Duk da haka malaman da aka horar da kuɗin nan su ne suka riƙe makarantu da ikilisiyoyi shekara da shekaru.

A watan Satumba na 1976 Nijeriya ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi zaton yara wajen miliyan 2 da dubu 300 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka yi ta horon malamai da gaggawa, ana ba su abinci da wurin kwana da ɗan kuɗin kashewa. Amma da yawa an tura su aji tun ba su nuna ba, babu kuwa babban malami kusa da zai gyara musu. Yara suka sha wahalar wannan. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta sake gwadawa, ta ɗauki masu takardar N.C.E. ta tura su makarantu shekara 2 tana biyansu, da nufin jihohi su riƙe su bayan haka. Waɗansu jihohi suka riƙe, waɗansu suka sake su.

Mu ma a Togo mun ɗanɗana. Bayan gyaran ilmi na 1975 yara suka ƙaru a makarantu. Sa'an nan kuɗin ƙasa ya ƙaranta cikin shekarun 1980, aka rage ɗaukar malamai, horonsu ma ya tsaya shekaru da dama. Ƙauyuka suka kafa makarantun kansu, iyaye suna tara kuɗi ko hatsi suna biyan samarin da ba a taɓa horonsu ba. A 2008 aka soke kuɗin makarantar firamare ta Gwamnati, azuzuwa suka cika maƙil, sai Gwamnati ta koma ga makarantun horon malamai, ta ƙara sababbi.

Ga abin da labarin nan ya koya mana. Inda aka ciyad da mai koyo, aka kuma sa shi ƙarƙashin gwanin malami, aka ba shi aiki bayan ya gama, an sami malamai na kirki. Inda ɗaya cikin ukun nan ya rasa, kuɗin ya tafi, yaran kuwa ba su iya karatu ba. Ciyarwa da albashi sun fi ƙarfin baikonmu, hakkin Gwamnati ne, gama da harajin jama'a ta ke aiki, kada mu ji kunyar roƙonsa. Amma gwanin malami mai haƙuri, wanda zai riƙe saurayi kamar yadda Bulus ya riƙe Timoti, wannan muna da shi a cikinmu. Sau da yawa malamin da aka aiko daga kudu ya kan nemi komawa gida, amma ɗan Korbongu da ya ji harshen yaran zai zauna. Bari kowace ikilisiya ta dubi samarinta da 'yan matanta, ta zaɓi masu ƙoƙari da tsoron Allah, ta tura su horo, tsofaffin malamanmu kuma su buɗe musu ƙofar aji. Wanda bai iya karatu ba, ƙaƙa zai karanta Maganar Allah da kansa? Ubangiji ya ba mu ma'aikata. Amin.