Bututun Pitot

Bututun Pitot ɗan siririn bututun ƙarfe ne da ake kafawa a gefen hancin jirgin sama ko a ƙarƙashin fiffikensa, bakinsa na kallon gaba. Tsawonsa bai kai kamu guda ba, amma da shi matuƙi ke sanin gudun jirgi a cikin iska.

A ruwa aka fara amfani da shi. A 1732 injiniyan Faransa Henri Pitot ya tsoma lanƙwasasshen bututun gilashi a kogin Seine, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke tahowa. Ya lura cewa gwargwadon ƙarfin gudun ruwan, gwargwadon hawansa cikin bututun. A shekarun 1850 wani Bafaranshen, Henry Darcy, ya gyara fasalinsa. Farkon ƙarni na 20 Bajamushe Ludwig Prandtl ya fito da samfurin da ya dace da awon iska, daga nan na'urar ta samu gindin zama a jiragen sama.

Bututun yana karɓar matsin iskar da jirgi ke kutsawa cikinta, wasu ƙananan kafofi a jikin jirgin kuma suna karɓar matsin iskar da ke kewaye. Bambancin biyun ne ake mayarwa alƙaluman gudu. In awon ya yi ƙarya, matuƙi na iya rage gudu har fukafukai su kasa ɗaukar jirgin.

Toshewa ce babbar cutar bututun. A Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun fi zargin zanzaro ne ya yi ɗaki a bututun lokacin da jirgin ke ajiye. A Yunin 2009 ƙanƙara ta toshe bututan jirgin Air France mai lamba 447 tsakanin Rio de Janeiro da Paris, matuƙan suka rikice, aka rasa mutum 228. A shekarar ne hukumomin Turai da Amurka suka ba da umarnin sauya irin waɗannan bututan a jiragen Airbus A330 da A340.

Manyan jirage na ɗauke da bututu uku ko fiye, kowanne ana ɗumama shi da lantarki don hana ƙanƙara. Idan jirgi zai daɗe a ƙasa, akan rufe bakinsu da murfi mai jan ƙyalle, kuma cire shi na cikin abubuwan da ake dubawa kafin kowane tashi.