Hayar Suna: Darasi Daga Titin Summit

Ranar wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ɗan'uwa ɗalibi ya ja ni gefe ya nuna mini takardar tallar wani kamfanin sharar ofisoshi. Wai mu haɗa kuɗi mu sayi izinin aiki da sunan kamfanin, abin da Amurkawa ke kira faranchais, ni kuwa nake ce masa hayar suna. Ya ce sa'o'i goma a mako sun isa. Kuɗin da yake son in zuba su ne waɗanda mahaifina ya sayar da fili a Katsina ya aiko mini don kammala digirina na biyu a jami'ar A&T da ke gabashin Greensboro. Na ce ya ba ni mako guda. A makon nan na koma ga tarihin unguwar da muke zaune.

A titin Summit, ba nisa da jami'armu, aka buɗe shagon McDonald's na farko a jihar North Carolina a 1959, shekaru huɗu bayan Ray Kroc ya buɗe nasa a Des Plaines. Baƙar fata ba su samu shiga cikin sauƙi ba. Ko bayan zaman dirshan da ɗaliban A&T huɗu suka fara a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960, sai da ɗalibai suka yi wa shagon na Summit zanga-zanga a watan Mayu 1963 kafin ya daina wariya. Mallaka kuwa sai a ƙarshen 1968 Herman Petty ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe shagon kamfanin, a birnin Chicago. Marcia Chatelain, wadda littafinta kan wannan tarihi ya ci kyautar Pulitzer a 2021, ta nuna cewa tsofaffin shaguna a unguwannin talakawa aka fi miƙa wa irinsu Petty, inda kuɗin gyara da na tsaro suka fi yawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Kroc ya zaɓi abokan hulɗa. Da farko ya sayar wa attajiran da suke wasan golf tare, waɗanda suka ɗauki shagon a matsayin sana'ar gefe. Bai ji daɗinsu ba, sai ya koma ga ƙananan mutane, sau da yawa miji da mata, masu wuni a shago. Har yau kamfanin yana gindaya wa mai shago sharaɗin ba da cikakken lokacinsa.

Mu Hausawa wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun riƙa ba wa 'yan kasuwarmu kuɗi su sayo musu gyaɗa. Alhassan Ɗantata ya yi wa kamfanin Neja wannan wakilci, daga baya kuma UAC, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma kafin nan ya shafe shekaru yana fataucin goro tsakanin ƙasar Gwanja da Kano, ya san hanya, ya san mutane. Sunan kamfani ya tarar da shi ne a tsaye. Ubangida yana ba da suna da kaya, yaro kuma shi ke shan rana.

Lissafin ma haka yake nunawa. Ladan kamfani daga cinikin da aka yi ake cire shi, ko an ci riba ko an faɗi. Subway, alal misali, ya daɗe yana karɓar kashi 8 cikin 100 na ciniki, da ƙarin kashi 4.5 na talla. Wato cikin kowace dala 100, dala 12.5 ta tafi kafin a biya haya da albashi. Wanda ba ya zama a shago dole ya ɗauki manaja, albashin manajan kuwa daga ribar da yake hange zai fito.

Dokar Amurka, tun 1979, ta tilasta wa kamfani ba da takardar bayani kafin ciniki, kuma yanzu sai an ba mai saye kwana 14 ya nazarce ta. A ciki akwai sunayen waɗanda suka bar harkar. Su ya kamata a fara kira. Sannan ga babban shinge gare mu: bizar F-1 ta ba ɗalibi damar aikin sa'o'i 20 a mako a cikin makaranta lokacin karatu, gudanar da kasuwanci a waje ba tare da izini ba kuwa na iya jawo a soke ta.

Da mako ya cika na mayar wa ɗan'uwana takardarsa, na ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban ce harkar ba ta da amfani ba. Duk wanda ya gama karatu, yake da izinin aiki da jarin da zai iya jure rashinsa, kuma ya shirya yin shekaru a bakin kanta, zai iya cin abinci a ciki. Kuɗin filin Baba dai na kai su ofishin biyan kuɗin makaranta. Allah Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mai da mu gida lafiya, amin.