Anini Biyu na Gwauruwa

'Yan uwa marubuta, a Nassarawa ta Kano, inda Gidan Ɗan Hausa yake, Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Da rubutun bokon aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Kirista da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya daɗe a kansa.

A cikinsa, Markus sura 12 da Luka sura 21 sun kawo labarin wata matalauciya da mijinta ya rasu. Attajirai na zuba kuɗi a Haikalin Urushalima, ita kuwa ta jefa tsaba biyu, kwatankwacin anininmu na da, wanda sai goma suke yin kwabo. Yesu ya ce ta fi kowa, don su rara suka bayar, ita kuwa abin cefanenta kaf.

Mu fa? A taron ƙaddamar da littafi mukan yi ta kiran sunan mai miliyan, mu manta da ɗalibar da ta hana cikinta ta sayi kwafi ɗaya. Kusan shekara 2,000 ana karanta labarin gwauruwar nan. Ɗalibarmu wa zai rubuta nata?