Tarihin Gano Furotin Mai Hana Jini Daskarewa

Wannan furotin wasu kifaye da ƙwari da tsirrai na ƙasashen sanyi ne ke samar da shi, don hana ƙwayoyin ƙanƙara girma a jikinsu. Littattafai sun sha bamban kan wanda ya gano shi. Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1969, amma tambayar ta daɗe kafin nan.

Ruwan teku yana daskarewa ne a digiri 1.9 ƙasa da sifili, jinin yawancin kifaye kuwa tun kafin a kai digiri 1. To, yaya kifin tekun ƙanƙara yake rayuwa? A shekarun 1950 Per Scholander ya bi sawun tambayar har gaɓar Labrador a Kanada. Ya ga gishirin da ke jini kaɗai bai isa ya ba da wannan juriya ba, sai dai bai kai ga sinadarin ba. A 1964 J. A. Ramsay na Jami'ar Kambirij ya ga alamarsa a jikin tsutsar gari, ba ƙanƙara yake bincike ba, shi ya sa ake yawan tsallake sunansa, kuma bai kamata ba.

Arthur DeVries ne ya warware ƙullin. Yana ɗalibi ya je tashar McMurdo a Antaktika, yana kamun kifi ta ramukan da aka huda a ƙanƙara. A 1969 shi da Donald Wohlschlag suka bayyana a mujallar Science cewa wani furotin mai ɗauke da sukari ne ke kare jinin.

Yadda yake aikin ya fi gano shi wahala. Gishiri da yawansa yake hana daskarewa, wannan kuwa ɗan kaɗan ya wadatar. A 1977 James Raymond da DeVries suka kawo bayanin da ake tafiya a kansa har yau: furotin ɗin manne wa fuskar ƙwayar ƙanƙara yake yi, wuri-wuri. Ƙanƙarar ba ta da inda za ta ƙaru sai tsakankanin inda ya manne, tana kumbura kamar buhun da aka ɗaure tam da igiya. Fuska mai lanƙwasa irin wannan ba ta saurin karɓar ruwa, sai girman ya tsaya. Ana ganin haka ƙarara a madubin bincike. A sa ƙwayar ƙanƙara guda cikin ruwan jinin, a riƙa ƙara sanyi a hankali: za ta tsaya cak, da siffar dala biyu masu fuska shida-shida da suka haɗa gindi. Da an wuce iyaka, wajen digiri 1 ko ɗan fiye a kifi, nan take sai ta tsiro da tsinke-tsinke.

Bayan haka bincike ya bazu. A 1992 Marilyn Griffith ta samo irinsa a wani hatsin hunturu dangin alkama. A 1997 aka nuna na kifin Antaktika ya samo asali ne daga ƙwayar gadon wani furotin na narkar da abinci, kuma na kifin Arewacin duniya, duk da kamanninsu, asalinsa daban. Kamfanin Unilever ya sa wani nau'insa a ayis kirim, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009.